Jirgin da Ladan Ya Haɗa a Ɓoye

Injiniya Ladan mutum ne mai ƙwazo, wannan ba mai musu. Yana zaune a garin Gaithersburg, nan ƙasar Turawa, da matarsa Rumasa'u, yana aikin gadoji, ga shi da lasisin tuƙa ƙananan jiragen sama. Amma Allah ya jarabce shi da zargi. Ka gaishe shi da fara'a, ya ce akwai abin da kake nema. Ka yi shiru, ya ce wani abu kake ƙullawa. Ni da muke sallar Juma'a tare a garin Lanham, na taɓa yaba motarsa, wallahi ya daɗe bai sake zuwa da ita masallaci ba, wai kada baki ya kama ta.

Burinsa ɗaya ne: ya mallaki jirgi, ya ɗauki Rumasa'u a gefensa. A ƙasar nan akwai kamfanonin da ke sayar da jirgi gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, mutum ya harhaɗa a garejinsa, hukuma ta duba ta ba shi izinin tashi. 'Yarsu Afnan tana aure can jihar North Carolina, kuma Ladan ya yi wa matarsa alkawarin a jirginsa za su riƙa zuwa ganinta.

Yayan Rumasa'u, Dakta Sanusi, ya riga ya haɗa nasa jirgin tare da wata ƙungiyar masu wannan sha'awa. Da ya ji labari, sai ya tako har gida.

"Ladan, kai ba ƙaramin mutum ba ne a jiki, masha Allah," in ji shi. "Kafin ka zaɓa, ka shiga irin jirgin da kake so ka zauna. Ka lissafa nauyinka da na Rumasa'u da na mai. Akwai wata Diana, mijinta ya rasu ya bar jirgi mai kujera huɗu, ya kusa gama shi. Ba shi da kyan gani, amma yana ɗaukar kaya. Je ka duba."

"Na gode, Yaya," in ji Ladan, har da murmushi.

Sanusi na fita ya juyo wajen matarsa. "Ruwa ba ya tsami banza. Nawa ne la'adarsa a wurin matar nan?"

"Haba, Abban Afnan! Yaya ne fa."

"Ai shi ya sa. Ba ya son a fi shi a dangi. So yake in kwaso akwala, nasa ya ci gaba da zama abin kallo."

Duk da haka ya je. Diana ta buɗe masa komai, ta ce ya kawo duk masanin da ya ga dama ya bincika. Maimakon hankalinsa ya kwanta, sai zarginsa ya ƙaru. Wai wannan sakin jikin ya yi yawa, tabbas an shirya ta. Ya dawo gida ya zaɓi wani siririn jirgi mai kujera biyu da ya gani a talla, mai gudu, mai ɗaukar ido. Bai taɓa zama a cikin irinsa ba, bai shawarci kowa ba. Abin da ke ba ni haushi har gobe shi ne, mutumin da ya zargi surukinsa bai taɓa zargin tallar kamfani ba.

Akwatuna suka iso. Ladan ya liƙe tagogin gareji da jarida, ya gargaɗi Rumasa'u kada ta faɗa wa kowa, saboda hassada da bakin mutane. Shekaru yana aiki shi kaɗai. Aikin hannunsa kam yana da kyau. Sai dai yana so ranar da ya fito da jirgin, Sanusi ya rasa bakin magana. Ya sa kujerun fata masu kauri, ya cika gaban jirgin da na'urori, ya shafa fenti kan fenti, har kafet ya shimfiɗa. Kowanne da nauyinsa. Duk wanda ya taɓa haɗa jirgi, da ya leƙa sau ɗaya zai ce masa ya tsaya haka, amma ba wanda aka bari ya leƙa.

Da aka gama, dole a auna jirgin, sikelin kuma na ƙungiyar su Sanusi ne. Suka haɗu a wani ƙaramin filin jirgi a bayan gari. Sanusi ya duba awon, ya sake dubawa.

"Ya yi kyau, Ladan, tsakani da Allah. Amma ya yi nauyi. In ka shiga, ka cika tanki, abin da ya rage bai wuce nauyin ƙaramin yaro ba. Ba zai ɗauki Rumasa'u ba sai ka cire kayan adon nan, kuma ko ka cire da ƙyar."

"Sikelinku ne, ai dole ya faɗi abin da kuke so."

"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙanwata ce za ta zauna a ciki."

Ladan ya kawar da kai. Hukuma ta ba shi izinin gwaji shi kaɗai, jirgi kuwa ya tashi lafiya lau. Ya gama gwajin ba tangarɗa, sai ya ɗauka wannan ya ƙaryata Sanusi.

Ana cikin zafin watan Yuli aka bugo waya cewa Afnan ta haihu. Rumasa'u ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta haɗa yajin jego, garin kunu, turaren wuta da turamen atamfa. Ladan ya ce ranar cika alkawari ta zo.

Sanusi ya kira shi. "Don Allah ku bi mota, ko in kai ta a nawa. A zafin nan jirgi ba ya samun ƙarfin tashi, balle mai nauyi."

Ladan ya katse wayar. A bakin jirgi Rumasa'u ta tsaya tana kallon kayan.

"Abban Afnan, ni fa tsoro nake ji. Ko mu rage kayan?"

"Au, ke ma kina tare da shi ke nan? Dama na daɗe ina lura da ke."

Maganar ta yi mata zafi. "Ina tare da kai," ta ce. Ta shiga, ya cusa kaya a bayan kujera, sauran ta rungume a cinya.

Ya ba inji wuta. Jirgi ya yi ta gudu a kan titin tashi, ya ƙi ɗagawa. Ya wuce inda ya saba tashi, har yanzu tayoyi na ƙasa. Nan ya kamata ya taka birki, amma yin hakan yarda ce da maganar Sanusi, sai ya fizgo hancin jirgin da ƙarfi. Jirgin ya ɗan ɗaga, ya tangaɗa, ya faɗo bayan shinge ta ɓangaren Rumasa'u.

Ladan ya fito da ƙujewa kawai. Ita kuwa ƙashin bayanta ya taɓu. Aka yi suna ba ta nan. Sanusi ne ya yi ta zarya da likitoci. Ranar da aka tabbatar ba za ta ƙara takawa ba, Ladan ya durƙusa gaban gadonta yana kuka.

"Ki yafe mini, Rumasa'u."

Ta dube shi. "Na yafe maka. Amma tunda na aure ka kake zargin mutane, ni kuwa ban taɓa zarginka ba. Da na yi ko sau ɗaya, da yau da ƙafata zan je in ga jikana."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, taka-tsantsan daban, mugun zato daban. Mai taka-tsantsan yana tambaya, yana aunawa, yana buɗe ƙofa a duba masa aikinsa. Mai mugun zato kuwa yana korar masu faɗa masa gaskiya, ya zauna da son zuciyarsa, wanda shi ne ya fi cancanta a zarga. Idan za ka zaɓi abin da rai zai hau, jirgi ne ko mota ko wata shawara, ka saurari wanda ya riga ka, ko da maganarsa ba ta yi maka daɗi ba. Sau da yawa ba mai taurin kan ne ke ɗanɗana kuɗarsa ba, wanda ya amince da shi ne.