Harawar da Aka Bar wa Ƙane Amana

Akwai wani dattijo da ake kira Mai Akuya. Arzikinsa duka bai wuce awakinsa na tatsa da wani lambu a bayan gida ba.

A lambun ya shuka wata harawa dangin wake, irin wadda ba a sake shukawa duk shekara. A yanka ta toho, a sake yanka ta sake tohowa. Shekarun da ya yi yana lallaɓa ta sun sa ko da rani awakinsa ba sa rama.

Sai ya faɗo daga tsani, ƙugunsa ya karye. Da 'yarsa ta zo tafiya da shi jinya, ya kira ƙanensa Dogo, wanda ya taso a hannunsa tun rasuwar iyayensu.

"Dogo, ga amana. In za ka yanka, ka bar tsawon tafin hannu a ƙasa. Kada ka sake yanka sai ta fara fure. Dabba kuma kada ta shiga."

"Haba Yaya, ni za ka koya wa ciyawa? Je ka warke kawai."

Ko sati ba a yi ba masu kiwo suka fara zarya. Dogo ya riƙa aske harawar har ƙasa yana sayarwa. Da ta ɗan ɗago kai ya sake bi da lauje. Daga baya ma ya sako shanunsa suka tattake saiwar.

Mai Akuya ya dawo yana dogara sanda. Bai shiga ɗaki ba sai da ya leƙa lambu. Ƙasa ce tsirara, sai ƙaya da kashin shanu. Awakin kuwa ana ƙirga haƙarƙarinsu.

Ya kira ƙanen nasa ya ce, "Dogo, da ɓarawo ne da na kai ƙara. Kai wa zan kai wa?"

"Yaya, ciyawa ce fa. Za ta fito."

Ba ta fito ba, sai a kusurwa ɗaya kusa da rijiya. Ita ma Dogo bai ƙyale ta ba. Wata safiya ya saci jiki ya tura bijiminsa na ƙiba da yunwarsa cikin ɗanyen tohon, raɓa ba ta bushe ba. Kafin hantsi cikin bijimin ya kumbura kamar ganga. Ko wuƙa ba a samu sa masa ba.

Dogo ya zo ya durƙusa yana kuka.

"Tashi, na yafe," in ji Mai Akuya. "Har gobe ƙanena ne kai. Amma lambun nan, daga yau ka riƙa gaishe ni daga bayan shinge."

Darasi: Amana tana da saiwa. Wanda ya cinye ta har ƙasa, ko an yafe masa, yardar ba ta sake tohowa kamar da. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai riƙe da lambun wani a yau.