Sufeto Lohmann a Shagon Mai Gyaran Rediyo

Lokacin yaƙi a Jamus, gwamnati ta kafa doka cewa duk wanda ya saurari tashar abokan gaba sai kurkuku, wani ma rataya. Ran nan Sufeto Lohmann ya faɗo shagon Irmgard mai gyaran rediyo, 'yan sanda biyu na biye da shi.

Ya ce, "Rediyon garin nan duk ta hannunki suke bi. Rubuta mini sunan wanda ya san inda ake kamo tashar London ta abokan gaba. In babu suna, da ke za mu tafi."

Rabin unguwar kuwa na saurare, har da Irmgard. Ta ɗauko takarda ta ce, "Ranka ya daɗe, ni doka ta hana ni jin ta. Yaya zan gane ta?"

Ya ce, "Kauce, sakarya!"

Ya murɗa wani rediyo da ke shagon sau ɗaya, ko lalube bai yi ba, sai ga muryar London tar. 'Yan sandan suka dubi juna.

Irmgard ta lashi bakin fensir ta ce, "Ranka ya daɗe, Lohmann ɗin da 'h' ake rubuta shi?"

Sufeto ya kashe rediyon, ya ce bincike ya ƙare.