Fatar da Aka Auna da Zakin Sarki

A zamanin da, a wata ƙasa da ba sai na kama sunanta ba, an yi wani sarki wanda idan tambaya ta shiga kansa ba ya iya cin tuwo sai an amsa masa. Yana da zaki a bayan fada, wanda wani tsoho mai suna Tunau ya raina tun yana shan nonon akuya. Shekara goma sha biyu Tunau ne ke ba shi nama. Ba shi da ɗa ba shi da jika, sai wannan dabba.

Ran nan Madugu Ilu ya dawo daga fatauci, ya shimfiɗa wata fata a gaban sarki, ja ce mai ratsin baƙi.

"Ranka ya daɗe, damisar ƙasar Hindu ke nan," in ji Madugu. "A can, mari ɗaya take yi wa zaki ya kwanta."

Sarki ya dubi fada. "Da za a haɗa ta da nawa, wa zai kashe wani?"

Malamai suka rabu biyu. Wasu suka ce geza za ta tsare wa zaki wuya. Wasu suka ce ai an ce ita a tsaye take faɗa, da hannu biyu. Kwana uku ana tada jijiyar wuya, alhali duk cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ko jelarta tana motsi.

Sarki ya gaji, ya ce, "A feɗe zakina a auna fata da fata. Wadda ta fi tsawo ita ce gwana."

Tunau ya zube ƙasa. "Allah ya ba ka nasara, ni zan auna shi da igiya yana raye. Ba ya taɓa ni."

"Fata aka kawo, da fata za a gwada," in ji sarki.

Waziri Barmo, wanda fatar nan ba ta kwanta masa a rai ba, ya roƙi kwana uku don ya ɗauko wani majemi daga ƙauye. Sarki ya ce ya ba shi. Amma fadawa suka yi ta zuga, wai a kasuwa ana cewa sarki ya tsorata. Kwana biyu bai cika ba aka kira maharba. Zakin ba ya bari kowa ya kusato shi, saboda haka Tunau aka sa ya kira shi bakin ƙofa. Ya kuwa zo da gudu, yana tsammanin nama ne. Wannan wurin, wallahi, ko faɗinsa ba na so.

Da Waziri ya iso da Jatau majemi, ya tarar an gama awo, damisa ta fi da kamu guda, Madugu sai murmushi yake. Jatau ya kife fatar damisar, ya bi gefenta da yatsa.

"Ranka ya daɗe, ga ramukan turaku nan. Tun tana ɗanya aka ja ta aka kafe a rana. Dubi cikin, ya yi sirara har haske na ratsawa. A ba ni fatar akuya, jibi in kawo maka ita kamar ta maraƙi."

Sarki ya fusata. Aka ƙwace fatar, aka kori Madugu daga ƙasar, aka rage wa mazuga matsayi, aka yi wa Jatau riga. Kowa ya ce an yi adalci, kuma an yi ɗin. Tunau kuwa aka miƙo masa alkyabba, ya bar ta a hannun dogari.

Sarki ya gyara zama. "To, yanzu tunda awo ya ɓaci, kai Tunau da ka fi kowa sanin zaki, wa zai ci?"

Tunau ya daɗe yana kallon fatar zakin, ƙudaje na binta.

"Ranka ya daɗe, ban san damisa ba. Shi kuwa, abin da na sani ke nan, na kira shi ya zo."

Ya roƙi izinin tafiya, sarki ya ba shi.