Manomin da Ya Fice Daga Taron Masu Ciwon Sukari

An yi wani manomi mai wadata, wanda ba ya shan shayi sai da sukari cokali biyar, ba ya barin kasuwa sai ya sha lemon kwalba uku. Ana nan sai ciwon sukari ya kama shi.

Likita ya tura shi wurin wata malamar asibiti da take tara masu irin ciwonsa kowace Alhamis. Da suka zauna, malamar ta ce, "Kowa ya faɗa mana abin da zuciyarsa take raɗa masa kafin hannu ya kai baki."

Wata tsohuwa ta ce, "Tawa cewa take yi, sau ɗaya ai ba ya kisa." Wani makiyayi ya ce, "Ni in raina ya ɓaci, sai na tashi da tuwo malmala huɗu." Sai suka shiga taya juna neman amsar da za su ba zuciya in ta sake.

Da aka zo kan manomin, sai ya miƙe a fusace. "Magani na zo karɓa, Malama, ba tonon asiri ba! Da furfurata za a koya mini cin abinci?" Ya kaɗe rigarsa ya fice.

A gida ya huce a kan matarsa. "Ke za ki kashe ni da girkinki!" Baiwar Allah ta haɗiye, ta rage masa tuwo, ta ƙara ganye. Amma kowace ranar kasuwa zuciyarsa takan ce, "Ka sha wuya a gona, huce gajiyarka." Ba shi da amsa. Yakan sha lemonsa, ya goge baki, ya koma gida yana faɗa.

Kafin damina biyu, ƙaya ta soke shi a ƙafa, miki ya ƙi warkewa, aka yanke ƙafar. Makiyayin kuwa har yau yana bin shanunsa.

To, ga ma'anar misalin, ku ji ko da ba daɗi. Ba sukari ne ya cinye ƙafar nan ba, girman kai ne. Jaraba a tunani take farawa, kuma wanda ya ɓoye ta ga 'yan'uwa ya ba ta masauki. Da yawanku haka kuke! A kira ku taron lafiya, ku ce na mata ne. Ku lalatar da jikin da Allah ya ba ku amana, sa'an nan ku aiko a yi muku addu'a. Za mu zo, za mu yi. Amma addu'armu ba za ta hana matarka tura ka a keken guragu ba, ita da ka zaga ba da laifinta ba.