Filibus da Kwamfutar Gwauruwa

An yi wani mutum mai suna Filibus, wanda yake lura da kwamfutocin wata makaranta. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, amma magani ɗaya tak ya sani. Ko kwamfuta ta yi nauyi, ko ta ƙi tashi, ko dai ranar ya tashi da baƙin rai, sai ya yi mata fomatin, wato ya share duk abin da ke cikinta, ya sake zuba mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita. In malami ya zo yana kukan takardunsa sun ɓace, sai Filibus ya ce, "Ai ga ta nan tana gudu. Me kuma kake so?"

Ana nan sai hukumar makarantar ta ce dole mai wannan aiki ya ci jarrabawar sanin babbar manhaja, ya kawo takardar shaida, in ba haka ba a ba wani aikin. Aka ba shi littafi mai kauri, aka ce yana da dama sau biyu. Filibus ya ɗora littafin a kan kabad, ya ce a ransa, "Ni za a koya wa kwamfuta?"

Ranar jarrabawa aka ajiye masa kwamfuta mai ciwo, aka ce ya gyara ta ba tare da ko takarda ɗaya ta ɓata ba. Ya duba hagu, ya duba dama, hannunsa ya koma ga abin da ya saba. Ya share ta tas. Kwamfuta ta tashi garau, shi kuwa ya faɗi warwas. Ya koma gida da kunya da tsoro, gama saura dama ɗaya, kuma da wannan aiki yake ciyar da iyalinsa.

Bayan kwana uku sai ga wata gwauruwa daga ikkilisiyarsu, Mama Keziya, ta ɗauko tsohuwar kwamfuta a ka, a cikin daro, naɗe da zane. Ta marigayi mijinta ce, wani mai bishara. Kafin ya rasu ya rera waƙoƙin yabo da yarensu, ya adana muryarsa a ciki, ga shi yanzu ta ƙi tashi.

Filibus ya ce, "Mama, abu mai sauƙi ne. Zan share ta, gobe ki zo ki ɗauka."

Tsohuwar ta ɗora tafin hannunta a kan kwamfutar. Ta ce, "Ɗana, na riga na binne shi sau ɗaya. Kada ka sa in sake."

Da ta tafi, ya sauko da littafin nan, ya buɗe shafin farko. Ashe rubutun da kwamfuta take nunawa in ta ƙi tashi, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana tsallakewa, da shi take faɗa masa inda ke mata ciwo. Ya koyi kwashe kayan ciki ya ajiye a gefe kafin ya taɓa komai. Ya koyi bin ciwo sannu a hankali har tushensa. Sau biyu ya fusata har ya kai hannu zai share, sai ya tuna da matar, ya janye. A rana ta tara ya gano ɗan ƙaramin abu ne ya lalace a wurin tayar da manhajar. Ya gyara shi, ya aika aka kira tsohuwar, ya kunna waƙoƙin, muryar mai bishara ta cika ɗakin. Mama Keziya ta zauna a ƙasa tana bin waƙar, tana hawaye, shi ma bai iya ɓoye nasa ba.

Da lokacin jarrabawa ta biyu ya yi, aka sake ba shi kwamfuta mai ciwo. Ya zauna ya karanta abin da take faɗa, ya gyara ta, babu abin da ya ɓata. Ya ci, ya karɓi takardarsa, aikinsa ya tsaya.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Kwamfutar nan mai ciwo ɗan'uwanka ne da ya yi maka laifi. Filibus na farko kuwa ni ne, kai ne, ke ce. Mun iya sharewa ƙwarai. Mutum ya ɓata mana rai sau ɗaya, sai mu share lambarsa, mu share gaisuwa, mu share alherinsa na shekara ashirin, har mu sauya benci a sujada, sa'an nan mu ce mun sami salama. Wannan ba gyara ba ne, lalaci ne. Ubangiji bai yi mana haka ba. Ya same mu a lalace, ya yi haƙuri da mu, ya warkar da ciwon, ya kiyaye abu mai daraja da ya sa a cikinmu. Kuma kamar yadda aka ba Filibus dama ta biyu, mu ma ƙofa tana buɗe. Na san akwai wanda kake shirin sharewa daga zuciyarka. A wannan mako ka je gidansa, ka zauna, ka tambaye shi inda ke masa ciwo.