Motar da Aka Yi wa Fenti Ba a Saurari Guduma Ba

Akwai wani mai walda da 'yan layinsu ke kira Injiniya. Da farko tsokana ce, daga baya sunan ya bi shi, shi ma ya fara jin haushi idan ba a kira shi da shi ba.

A wurin mahaifinsa ya koyi sana'ar. Tsohon ya yi shekara arba'in yana kallon wutar walda har ta cinye masa ido, sai dishi-dishi yake gani. Yana da wata gona a bayan duwatsu, wadda shekara shida rabonsa da ita, don ruwa ya yanke hanyar ya bar kwazazzabo, ƙafarsa kuma ba ta iya tafiyar.

Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ni dai in sake taka gonar nan kafin in mutu."

Ran nan Injiniya ya ce, "Baba, ni zan haɗa motar da za ta kai ka."

Ya shiga yawo wurin masu tsofaffin ƙarafa. Ya samo injin wani babur mai ƙafa uku da ya yi hatsari, da tayoyin a-kori-kura, da bututan ƙarfe na tsohon gado. Kujera biyu ya cire daga wata matacciyar bas, ɗaya tasa, ɗaya ta Baba. Wata takwas yana abu ɗaya, kuma maganar gaskiya yaron yana da hannu.

Tsohon yana da wata ɗabi'a tun yana aiki. Ba a shafa wa walda fenti sai ya bi ta da ƙaramar guduma, yana bugawa yana saurare. Idan ta ci, ƙarfen zai yi ƙara garau. Idan a sama kawai ta kwanta, sai ka ji ƙarar ta mutu. Duk yamma sai ya lallaba ya zo rumfar da gudumarsa, ɗan kuma yana gyara duk inda aka nuna masa.

To, sai wani ya ɗauki motar a waya ya watsa. Kafin kwana uku rumfar ta cika da masu kallo. Wannan ya ce gwani, wancan ya ce ƙasar nan ba ta san darajar mutane ba. Kan Injiniya ya kumbura, har tafiyarsa ta canza. Wani mai ɗaukar bidiyo da ke da mabiya da yawa ya ce zai zo ranar Asabar a gwada motar a gabansa.

Ranar Alhamis tsohon ya zo kamar kullum, mutane cike da rumfa. Ya durƙusa yana bugawa, har ya kai inda ƙafar gaba ta dama ta haɗu da jikin motar. Ya buga, ya sake bugawa. Ya laluba aljihu ya ɗauko alli ya yi wa wurin alama.

"Wannan ba ta ci ba. Ka kankare ta ka sake."

Wani a cikin 'yan kallo ya yi dariya. Dariyar nan ita ta ƙona Injiniya.

"Haba Baba! Mutum ba ya gani, amma shi zai duba mini aiki? Zamaninku na faci a bokiti ya wuce. Don Allah ka je gida ka huta."

Wallahi ko ni da nake ba ku labarin, maganar nan tana yi mini ciwo. Tsohon ya miƙe. Ya mayar da gudumarsa aljihu ya fita yana laluben bango. Shi kuwa Injiniya ya ɗauko jan fenti ya bi ta kan allin ya shafe, don sake walda zai ci masa yini guda, fentin kuma ba zai bushe kafin Asabar ba.

Ranar Asabar da safe tsohon ya saka wankakkiyar rigarsa ya fito ƙofar gida. Duk da abin da ya faru, yana sa ran kujerarsa. Injiniya ya ce, "Baba, yau ta baƙo ce. Kai sai wani satin." Mai bidiyo ya haye kujerar.

Sun wuce gangaren farko na hanyar gonar lafiya, ana ta ihu da tafi. A cikin kwazazzabon, ƙafar dama ta daki dutse, waldar ta ɓalle kamar an karya busasshen kara. Motar ta kifa. Mai bidiyo ya tashi da ƙujewa a gwiwa, ya karkaɗe rigarsa, kuma har kifewar ya watsa. Injiniya kuwa hannunsa na dama ya karye a wuri biyu.

Masu kiransa gwani ko ɗaya bai leƙo asibiti ba. Tsohon ne ke zaune a bakin gado, yana laluben cokali yana ba shi abinci a baki.

Injiniya ya ce cikin kuka, "Baba, gara da ban ɗauke ka ba."

Tsohon ya ce, "Da ka ɗauke ni, da tun a gangaren farko na tsayar da kai. Da na ji waldar tana kuka."

Wata biyar hannun ya yi kafin ya iya riƙe abin walda. A wata na huɗu tsohon ya rasu, bai taka gonar ba.

Da Injiniya ya koma rumfa, ya jawo karyayyar ƙafar don ya gyara. Yana kankare jan fentin, sai ga ragowar allin mahaifinsa a ƙasa, daidai inda ƙarfen ya rabu. Ya zauna a ƙasa ya daɗe bai tashi ba. Motar yanzu tana tafiya, tana hawa duwatsun kamar akuya, amma kujerar gefen ba ya barin kowa ya zauna a kai.

Darasi: Tafin baƙo kada ya sa ka wulaƙanta wanda ya koya maka riƙe guduma. Mai yabonka yana kallon fenti ne, mai gyara maka shi ke tsoron kada ka karye. Idan naka tsohon yana raye, je ka saurare shi yau, sannan ka tura wa wani wannan labarin ko Allah zai sa ya ji bari kafin ya ji hoho.