Bareyin da Suka Ƙi Gishirin Sarki

An yi wani sarki a can arewa, inda ayarin gishiri kan sauke raƙuma su huta kafin su gangara kudu, ana ce masa Sarki Tunau. Sunan birninsa ya kuɓuce mini, haka ma sunan falken da ya ba ni labarin a wani zango, lokacin da ƙafafuna ke iya yawo. Amma abin da ya faru bai ɓace mini ba, shi ne kuma nake so in bar muku.

Sarkin nan mutum ne mai sanyin hali, kuma tun yana yaro Allah ya sa masa son bareyi, har ya haramta harbinsu a dajin da ke bayan birni. Da girma ya kama shi, hawan doki ya zame masa wahala, sai ya yi marmarin su riƙa zuwa kusa da ganuwa domin ya gan su daga kan soro. Tsofaffin maharba suka shaida masa cewa barewa na neman gishiri kamar yadda take neman ruwa, musamman a farkon damina, lokacin da ciyawa ke ɗanya kuma uwaye ke shayarwa. Sai ya kira Sarkin Dawa Bagudu, wanda kula da dajin ke hannunsa, ya umarce shi da ya sa musu gishiri.

Bagudu bafade ne tun kakanni, bai san wata hanyar karɓar baƙin sarki ba sai irin ta fada. Ya sa aka sare sabarar da ke wajen ganuwa, aka share fili, aka zuba farin yashi. Aka jera tasoshin tagulla goma sha biyu, ko ashirin ne, na manta, aka ɗora wa kowace kantun farin gishiri. Ya tsayar da dogarai huɗu saboda ɓarayi, ya sa ana turara wurin saboda ƙudaje, kuma kowace safiya bayi su wanke tasoshin su sake sabon gishiri.

Wata biyu ana haka, ko sawun barewa ɗaya ba a gani a kan yashin ba.

Ana nan sai labari ya iso fada cewa bareyi na taruwa garke guda a bayan bukkar wani tsoho mai suna Ɓaidu, wanda ke zaune a gefen dajin da saniya biyu da 'yan awaki. Bagudu, da kunya ta ishe shi, ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba laifin gishirinka ba ne. Tsohon nan asiri ya yi, ya janye maka dabbobinka. Hukuncinsa a ƙone bukkarsa, a fitar da shi daga ƙasarka."

Sarki ya ji zafi, domin ya daɗe yana jira, har ya buɗe baki zai amince. Sai Waziri Hambali, wanda ya riƙe wazirci tun zamanin mahaifin sarki, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, tuhuma ta zo, amma hujja ba ta biyo ta ba. Ina roƙon a jinkirta."

Sarki ya ce, "Na ba ka kwana bakwai, Waziri. Ka kawo mini dalilin da ya sa dabba za ta bar farin gishiri a tasar tagulla ta je ta lashi ƙasa a bayan ɗakin talaka. Idan ka kasa, to maganar Sarkin Dawa ta tabbata, hukunci kuma ya tsaya."

Washegari Waziri ya hau jaki shi kaɗai ya nufi wurin Ɓaidu. Ya same shi yana gyaran turke, suka gaisa, sannan ya gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi. Tsoho ya yi dariya har ya dafa turken, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da akuyata ma ba ta amsa kirana, ina na samo asirin kiran barewa?" Amma da ya ji zancen kora sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "A nan na binne matata. In an kore ni, ban san wata ƙasa ba."

Waziri ya ce, "To, Malam Ɓaidu, nuna mini abin da kake yi, kada ka rage komai."

Ya kai shi can nesa da bukka, kusa da wani tafki, inda wani ruɓaɓɓen kututture yake jikin tsohon suri. Ƙasar wurin ta zama kwari saboda lasa, sawu kuma ko'ina. Ɓaidu ya ce, "Duk farkon damina nakan jiƙa wa shanuna kanwa da ɗan gishirin manda, kamar yadda kowane makiyayi ke yi. Guntun da suka rage, da tokar murhuna, nan nake zubarwa, yau shekara ashirin. Ruwan sama ya kai shi cikin ƙasa, itace ya tsotse. In na zuba, ba na sake taka wurin sai wata ya mutu. Iyakar asirin ke nan."

Waziri ya durƙusa, ya ɗebi ƙasar ya ɗanɗana, ya dubi tafkin, ya dubi duhuwar da ke kewaye, sannan ya hau jakinsa ya koma birni.

A rana ta bakwai ya tsaya gaban sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na samo amsa, amma ba ta shiga fada. Sai dai sarki ya je wurinta, ba tambari, ba doki, ba turare a riga." Fadawa suka yi gunaguni, sarki kuwa ya yi murmushi ya yarda.

Da sassafe aka kai shi, shi da Waziri da Bagudu, Ɓaidu ya zaunar da su a bayan wata sabara, ta ɓangaren da iska ke tahowa daga tafki zuwa gare su. Suka laɓe har rana ta ɗan ɗaga. Sai ga wata uwa ta leƙo, ta tsaya tana kaɗa kunne, ta yi taku biyu ta sake tsayawa. Da ta natsu ta sunkuya tana lasar ƙasa, ɗanta na biye da ita ƙafafunsa na rawa, sannan sauran suka fito ɗaya bayan ɗaya. An ce sarki bai motsa ba har suka sha ruwa suka koma, hawaye kuma na bin gemunsa.

Sannan Waziri ya ce, "Ga amsar, ranka ya daɗe. Mun share musu ciyawar da suke ɓuya a ciki, mun tsayar musu da dogarai masu riƙe da mashi, mun cika musu hanci da ƙamshin mutum, kullum kuma muna sake musu wuri, alhali gishiri kan jawo ƙishirwa, ga shi ba ruwa kusa. Mun karrama su da abin da ke faranta mana rai, shi kuwa wannan tsoho ya zuba nasa kaɗan, ya ba su baya. Gishirinka ya fi nasa kyau, amma wurinsa ya fi naka aminci, kuma barewa ba ta sunkuyar da kai inda take tsoro."

Bagudu ya yi wuf ya ce, "To ai abin ya zo da sauƙi. Gobe sai mu kafa raga a nan, mu kwashe su mu kai wa sarki cikin gida."

Ɓaidu, da tun zuwansu bai ɗaga ido ya dubi sarki ba, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni talaka ne, ƙasa taka ce, dabbobi naka ne. Amma shekara ashirin suna kawo 'ya'yansu nan saboda ba a taɓa cutar su ba. In za a kafa raga, ina roƙo a fara korata, kada a yi ina gani."

Sarki ya dube shi ya ce, "Baba, ba za a kafa raga ba, kai ma ba inda za ka. Na kusa zaluntarka domin in rufe kuskuren gidana, ka yafe mini." Ya ba shi wannan yanki har abada, ya sa duk ayarin da ya sauka a aiko masa da kanwa da manda, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri. Bagudu kuwa, sarki bai tsige shi ba, sai ya ce ya kwashe tasoshinsa, ya bar sabara ta tsiro, ya haƙa tafki, ya yi damina guda yana ɗaukar wa Ɓaidu ƙwaryar kanwa har ya koya.

Falken ya ce mini sai a damina ta uku bareyi suka zo bayan ganuwa, kuma sarki ya rayu ya gan su daga soronsa. Ya kuma ce, ko da yake wataƙila lafazin nawa ne, domin tsufa kan cakuɗa maganar mutum da ta wanda ya ji daga bakinsa, sarki ya sa an rubuta a ƙofar zauren shari'a cewa: kyautar mai mulki, komai yawanta, ba ta tara masa jama'a matuƙar suna tsoronsa, adalci shi ne mai rauni ya sunkuya ya ci abincinsa ba tare da ya waiwaya ba.